Me Ya Rage A Wuyan Kirista Daga Shari'ar Annabi Musa?

Daga Wakilinmu

Akwai wata tambaya wadda ta girmi kowace majami'a da ke ƙasar nan, amma har yau ba ta tsufa ba, watau ko wajibi ne Kirista ya bi dokokin addini da aka ba Bani Isra'ila ta hannun Annabi Musa. Mai karatu yana iya cewa wannan ai gardamar malamai ce, ina ruwan ma'aikacin gwamnati ko ɗan makaranta da ita? Ruwansu kuwa da yawa. A kan wannan tambaya ne ma'aikaci yake cire kashi ɗaya cikin goma na albashinsa kowane ƙarshen wata tun kafin ya auno hatsin gidansa. A kanta ne ɗalibi yake ƙin shiga ɗakin jarrabawa ran Asabar. A kanta ne ake mayar da mace daga ƙofar wata majami'a don ta sa wando, a kanta ne kuma aka taɓa azabtar da yara ƙanana da sunan wai mayu ne. Abin da ya shafi aljihun mutum da karatunsa da ransa ya wuce a bar wa malamai su kaɗai.

Wannan shafi ba mumbarin wa'azi ba ne, ba kuma za mu auna addinin wani da ma'aunin wani ba. Za mu duba al'amarin ne bisa ga littattafan Kiristoci da tarihinsu, sa'an nan mu faɗi abin da muka gani.

Da farko ya kamata a san girman abin da ake magana a kai. Dokokin suna cikin littattafai biyar na farkon Littafi Mai Tsarki, waɗanda ake kira Attaura. Malaman Yahudawa sun ƙidaya su 613, watau umarni 248 da hani 365, shahararren malaminsu kuwa, Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya jera su ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai hanin kisan kai da sata da zina da shaidar zur. Akwai ƙa'idodin yanka hadaya, da kaciya a rana ta takwas, da dabbobin da aka halatta da waɗanda aka haramta, da hutun ranar Asabar, da bukukuwan shekara. Akwai kuma hukuncin gado da bashi da bayi da diyya da jifa. A taƙaice, tsarin mulki ne cikakke na wata al'umma mai ƙasarta, da firistocinta, da alƙalanta, da ɗakin ibadarta guda ɗaya. Abin lura shi ne, malaman Yahudawa da kansu ba su ce sauran mutanen duniya su ɗauki wannan kaya ba. A koyarwarsu, wanda ba Bayahude ba dokoki bakwai kawai ke kansa, waɗanda suke dangantawa ga 'ya'yan Annabi Nuhu.

Taron Urushalima

Mabiyan Yesu Almasihu na farko duk Yahudawa ne, masu kaciya, masu zuwa Haikali, masu ƙyamar naman alade. Rigima ta taso ne sa'ad da Helenawa da Romawa da sauran ƙabilu suka fara shiga wannan tafarki, musamman a birnin Antakiya. Wasu 'yan'uwa daga Yahudiya suka zo suna koyar da cewa babu ceto ga baƙon sai an yi masa kaciya, ya kuma rungumi Shari'ar Musa. Manzo Bulus da abokin aikinsa Barnaba suka ƙi yarda. Aka kai maganar Urushalima wajen shekara ta 49, inda manzanni da dattawa suka zauna a kanta, kamar yadda sura ta 15 ta Littafin Ayyukan Manzanni ta ba da labari. Bitrus ya kwatanta Shari'ar da karkiya wadda su da kakanninsu ma suka kasa ɗauka. Yakubu, shugaban ikilisiyar Urushalima, mutumin da aka sani da riƙon Shari'a, shi ne ya yanke magana. Aka rubuta wa sababbin mabiya wasiƙa, aka nemi su guji abubuwa huɗu: abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Ba a ɗora musu kaciya ba, ba a ambaci Asabar ba, ba a kuma ce su kawo ushiri ba.

Wannan shi ne hukunci mafi tsufa da ikilisiya ta yanke a kan batun, waɗanda suka yanke shi kuwa su ne suka zauna da Almasihu, suka ci abinci tare da shi. Bulus ya ƙara bayani a wasiƙarsa ga Galatiyawa, inda ya kwatanta Shari'a da mai rainon yaro wanda aikinsa ke ƙarewa idan yaron ya balaga. Ya kuma yi wani gargaɗi wanda shi ne ƙashin bayan wannan rubutu, cewa duk wanda ya karɓi kaciya don yana ganin wajibi ce, to, ya sani Shari'ar gaba ɗaya ta hau kansa. Watau Shari'a ba kasuwar Kurmi ba ce, inda mutum zai zaga ya taya abin da ya ba shi sha'awa ya bar saura.

Masu cewa dokokin suna nan daram su ma ba su rasa hujja ba, bai kuwa kamata a raina ta ba. Suna nuna sura ta 5 ta Linjilar Matiyu, inda Yesu ya bayyana cewa cika Attaura ya zo yi, ba rushe ta ba. Suna cewa Allah ba ya canja magana. Amsar da yawancin malaman Kirista suka bayar ita ce, cikawa tana nufin kai abu ga ƙarshen manufarsa, kamar yadda bashi ke ƙarewa ranar da aka biya shi. Suna kuma nuna yadda Yesu da kansa ya warkar da marasa lafiya ran Asabar, ya koyar da cewa abin da ke fitowa daga zuciya shi ke ƙazantar da mutum, ya kuma sallami macen da aka kawo masa don a jefe ta. Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin ya san batun hukuncin da wani hukunci ya shafe, ya kuma san Alƙur'ani ya ambata cewa Annabi Isa ya halatta wa Bani Isra'ila sashen abin da aka haramta musu.

A ƙarnukan farko an sami waɗanda suka zarce ta gefe biyu. Wata ƙungiya da ake kira Ibiyonawa ta riƙe Shari'a duka, ta ƙi Bulus. Wani attajirin mai jiragen ruwa kuma, Markiyon, ya ce a jefar da Tsohon Alkawari baki ɗaya, ikilisiyar Roma ta kore shi a shekara ta 144. Kiristoci suka bi tsakiya: suka riƙe littafin a matsayin Maganar Allah, suka ce amma ba kowace doka da ke cikinsa ce aka aiko musu ba. Tarihi ma ya sa baki, domin a shekara ta 70 sojojin Roma a ƙarƙashin Titus suka rushe Haikalin Urushalima. Tun daga ranar nan babu bagade, babu firist mai hidima, saboda haka babban kaso na dokokin nan 613 ko Bayahude mafi tsoron Allah ba shi da halin cika su.

Kashi uku

Da haka ya faru, sai malamai suka nemi ma'aunin da za a rarrabe. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tsara rabon nan na kashi uku da aka fi sani: dokokin halin kirki, da dokokin ibada, da dokokin mulki da shari'a. Na farko suna nan har abada, na biyu sun cika da zuwan Almasihu, na uku sun ƙare tare da daular Isra'ila ta dā. Ikilisiyar Ingila ta sa wannan a sashe na 7 na ƙa'idodinta 39 na shekarar 1571, waɗanda Angilikan na ƙasar nan suka gada. Malaman da suka taru a Westminster suka ƙara wani abu mai amfani a 1646, cewa ko da dokokin mulki sun ƙare, adalcin da ke ƙunshe a cikinsu yana nan. Misali, Attaura ta ce wanda ya gina soro ya yi masa rawani a kan rufi don kada wani ya faɗo. Ba lalle kowane gida ya zama soro ba, amma ɗan kwangilar da ya rage siminti har bene ya rufto wa mutane ya karya wannan doka sarai.

Sai dai gaskiya ita ce wannan rabo aikin malamai ne, Attaura ba ta sa wa dokokinta lamba ba. A sura ta 19 ta Littafin Firistoci, umarnin ƙaunar maƙwabci yana dab da hanin sa tufa mai zare iri biyu. Inda aka fi shan wuya kuwa shi ne Asabar, domin tana cikin Dokoki Goma. Tun wajen shekara ta 150 Yustinu Shahidi ya rubuta cewa Kiristoci ran Lahadi suke taruwa, watau tun kafin Sarki Kustantin ya mai da Lahadi ranar hutu a daular Roma a 321. Duk da haka 'yan Adibantis, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a Amurka a 1863, suka iso Nijeriya a 1914, suna da asibiti a Jengre ta Jihar Filato, sun tsaya a kan cewa rana ta bakwai ba ta canja ba. A 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta kori ƙarar da wani ɗan ƙungiyar ya shigar yana neman a daina zaɓe da jarrabawa ran Asabar.

Darasin Habasha

Wanda yake so ya ga abin da tilas ke haifarwa a wannan batu, ya dubi Habasha. Kiristanci ya kafu a can tun ƙarni na 4, mutanen ƙasar kuwa suna yi wa 'ya'yansu kaciya, ba sa cin alade, suna cire takalmi a ƙofar majami'a, suna girmama Asabar tare da Lahadi. Maganar Asabar ta raba sufayensu shekaru masu yawa, har Sarki Zara Yakub ya kira taro a Dabra Mitmak a 1450, aka amince da ranakun biyu. Daga baya limaman Katolika 'yan ƙungiyar Jezuwit suka shigo, suka rinjayi Sarki Susinyos, ya bayyana komawarsa ɗariƙarsu a 1622. Aka hana kiyaye Asabar, aka soki kaciya, aka ce al'adun Yahudawa ne. Talakawa suka ɗauki makamai, aka yi ta yaƙi shekara da shekaru, dubban mutane suka hallaka. A 1632 sarkin ya ga ba ci, ya mayar wa jama'a addinin kakanninsu, ya sauka daga gadon sarauta, ɗansa Fasiladas ya kori baƙin limaman daga ƙasar.

Ga kuma ɗaya gefen takobin. Turawan da suka ƙaura daga Ingila zuwa Masacusat ta Amurka sun yi niyyar kafa sabuwar Isra'ila, har dokarsu ta 1641 ta jera laifuffukan kisa, kusan kowane da ayarsa ta Attaura a gefe, maita tana ciki. A 1692 aka rataye mutum 19 a garin Salem bisa zargin maita, daga baya hukuma ta yarda an yi zalunci, ta biya diyya. Ba sai mun tafi nesa ba: ayar nan ta Littafin Fitowa a kan mayu ita ce wasu masu wa'azi suka riƙa kafa hujja da ita a kudancin ƙasar nan, ana dukan yara ana korarsu daga gidajen iyayensu, har Jihar Akwa Ibom ta kafa doka a 2008 wadda ta haramta jifan yaro da maita. Hana mutum dokar da ya ɗauka don Allah ya zub da jini a Habasha, ɗora wa jama'a dokar da ba tasu ba ya zub da jini a Salem.

Ushiri

Yanzu sai mu zo kan abin da ya fi damun ma'aikaci, watau ushiri, wanda wasu ke kira zakka. A Attaura ushiri harajin amfanin gona ne da na dabbobi, ana ba Lawiyawa domin su kaɗai ne ƙabilar da ba a ba rabon ƙasa ba. Littafin Maimaitawar Shari'a ya ambaci wani ushiri wanda manomi da iyalinsa suke ci da kansu a wurin idi, ya kuma ce a kowace shekara ta uku a tara ushiri a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Taskar da Annabi Malakai ya yi magana a kai, wadda ake yawan karantawa kafin a zaga da kwanon baiko, rumbun abinci ne na Haikali. Manzanni ba su sa ushiri cikin wasiƙarsu ba, Bulus kuwa ya gaya wa Korantiyawa kowa ya bayar gwargwadon abin da ya ƙudurta a ransa, ba da tilas ba. Sai a 585 taron limamai a Makon ta Faransa ya wajabta shi, Sarki Sharliman ya mai da shi dokar ƙasa a 779, juyin juya halin Faransa ya soke shi a 1789.

Masu kare ushiri sukan ce Annabi Ibrahim ya ba da shi tun kafin Musa, saboda haka bai ƙare da Musa ba. To, ai kaciya ma tun daga Ibrahim take, ita ce kuwa taron Urushalima ya fara saukewa. Sukan kuma ce majami'a tana da makarantu da asibitoci da ma'aikata, dole a ciyar da su. Wannan gaskiya ne, mutanen Arewa da yawa sun yi karatu ko sun sha magani a gidajen mishan, kowa ya sani ba da iska aka gina su ba. Wanda ya ɗauki kashi ɗaya cikin goma ya zame masa ma'aunin kyauta, ya yi abin yabo. Abin da ba shi da tushe shi ne a tsaya a gaban masinja ko malamin firamare wanda ya yi wata uku ba albashi, a ce masa la'ana tana bin sa don bai biya ba. Gardamar da ta ɓarke a Ikko a 2017, sa'ad da wani mai gabatar da shirye-shiryen rediyo ya ƙalubalanci manyan fastoci a kan ushiri, ta nuna cewa mutane da yawa sun daɗe suna haɗiye wannan tambaya.

A nan ne muke ganin ainihin cutar. Ba a cika samun mai wa'azin da ke neman jama'arsa su bi dokoki 613 ba. Abin da ake samu shi ne mai tsince-tsince, kuma idan aka lura da abin da yake tsinta, sai a ga kullum nauyin a kan wani yake faɗawa, ribar kuwa tana zuwa wajensa. Yana tuna ayar da ta hana mace sa kayan maza, ya manta cewa a cikin surar nan ce aka hana gauraya ulu da lilin, ga shi kuwa sanye da kwat mai zare iri biyu. Yana tuna ushirin Balawe, ya manta cewa Balawe ba shi da gona, ya kuma manta da rabon maraya. Ashe tuwon girma miyarsa nama, amma ba a ce a kwashe naman tukunyar talaka ba.

Ga kuwa dokokin da ba a cika jin su a kan mumbari ba, alhali su ne adalcinsu bai tsufa ba. Attaura ta ce kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. Ta ce kada mutum ya ajiye mudu biyu, babba na saye da ƙarami na sayarwa. Ta hana alƙali karɓar hanci, ta hana shi duban fuskar mai kuɗi, ta kuma hana shi karkata ga matalauci don tausayi. Ta ce mai gona ya bar gefen gonarsa da kalar hatsi domin matalauci da baƙo. Ta hana mai bin bashi karɓar dutsen niƙa jingina, domin da shi iyali ke ci. Ta ce doka ɗaya ce ga ɗan ƙasa da baƙon da ke zaune tare da shi. Da a ce ma'aikatunmu da kotunanmu da kasuwanninmu sun riƙe waɗannan shida kaɗai, da fayil ɗin ɗan fansho bai shekara a kan tebur ba, da kuma maganar ɗan asali da baƙo ba ta ci rayuka a garuruwanmu ba. Yesu da kansa ya tsauta wa Farisiyawa don suna fid da ushirin ganyayen miya, sun bar gaskiya da jinƙai da aminci, waɗanda ya ce su ne mafi nauyi a Shari'a.

Ra'ayinmu ke nan. Bisa ga hukuncin manzanni da koyarwar yawancin ikilisiyoyi, Kirista ba ya ƙarƙashin dokokin ibada da na mulkin Isra'ila ta dā, babu kuma wanda ke da ikon ɗora masa su da barazanar la'ana. Wanda ya zaɓi ya kiyaye Asabar, ko ya guji alade, ko ya cire takalmi kamar mutanen Habasha da 'yan Kerubim da Serafim, a ƙyale shi, domin Bulus ma ya gaya wa Romawa kada mai ci ya raina marar ci, kada marar ci ya hukunta mai ci. Shugabannin makarantu da na ma'aikatu kuma su sassauta wa irin wannan mutum inda hali ya yi, ko da kotu ba ta tilasta musu ba, domin sauya wa ɗalibi ranar gwaji bai kai asarar shekararsa ba. Amma inda aka fake da ayar Attaura aka taɓa jikin yaro ko mutuncin mace, hukuma ta shiga ba tare da jin nauyin kowa ba.

Ga ɗalibai kuwa, shawararmu ita ce ku karanta da kanku. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, ba a ɓoye yake ba. Duk sa'ad da aka jawo muku aya daga Shari'ar Musa, ku buɗe surar ku karanta ta daga farko har ƙarshe, sa'an nan ku yi tambaya uku cikin ladabi: wa aka faɗa wa wannan doka, me aka nufa a kare da ita, wa kuma zai ci riba idan aka ɗora ta a yau? Malamin kirki zai yi murna da tambayar, ya zauna ya amsa. Wanda ya fusata kuwa, kun riga kun sami amsarku.